Gwangwanin Sambo Mai Faci

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Gwandu ya ga wani gwangwani ɗaure da sarƙar keke a jikin dogon yaron da 'yan kabu-kabu ke zama ƙarƙashinsa. Baƙi kan ɗauka asusun masallaci ne. Akwai wata tsohuwa daga Maruda da ta taɓa tsayawa tana laluben kafar da za ta jefa sadaka. Ba asusu ba ne. Sholisho ne, gam ɗin nan da ake liƙe tub ɗin taya da shi, kuma mai shi Sambo ne, wanda rumfarsa ta faci ke jingine da teburin tsirena shekara da shekaru.

Ni Bawa ne, mahauci ɗan mahauci. Shi kuwa Sambo ɗan masunta ne daga wani ƙauye na bakin fadama kusa da Diggi, can ƙasar Kalgo. To kun san tsakaninmu da masunta wasa ne tun kakanni. In ce masa mai ƙarnin tarwaɗa, ya ce mini mai sayar da mushe, babu mai fushi. Da wannan ikon nake ba da labarinsa, kuma na gaya masa zan bayar. Ya ce in bayar, ai ko na rubuta ba mai iya karanta rubutuna.

Sambo bai gaji kamun kifi ba, duk da gidansu kowa da taru yake tashi. An ce in ya shiga ruwa kifaye hutu suke samu. Abin da hannunsa ya iya shi ne gyara. Tun yana saurayi ya je Kalgo ya zauna wurin wani mai faci har ya ƙware, daga baya ya auri Jidda, 'yar nan Gwandu, ya biyo ta. Ya zo da injin iska ɗaya, da bahon ruwa, da ƙarafunan ɓamɓare taya, da girman kai mai yawa. Girman kan kuwa ya cancanta. Mutum ne da zai kara tub a kunne ya nuna maka hujin tun kafin a tsoma shi a ruwa. Facinsa taya kan mutu ta bar shi.

Kuma mutum ne mai son cin daɗi. Kullum bayan la'asar sai ya wanke hannu ya tako teburina, ya zaɓi tsinken da ya fi kitse, ya dangwala yaji, ya lumshe ido yana tauna, sa'an nan ya ce, "Bawa, wagga akuya tsuhwa ya kashe ta, kai dai ka iske gawa." Yana rufe baki sai ya ɗauki na biyu. Haka muke, har mutanen tasha kan matso don su sha kallo.

Yadda abin ya same shi, ba a majalisar 'yan shaye-shaye ba ne. A bakin aiki ne. In ba ku san faci ba, ga yadda yake: a hura tub, a tsoma a baho, inda kumfa ya taso nan hujin yake. A kankare wurin, a shafa sholisho da yatsa, sai a jira ya sha iska kafin a ɗora facin. Wannan jiran shi ne masifar. Ɗan kabu-kabu na tsaye a kanka, fasinja na tsaki, sai mai faci ya kawo tub ɗin kusa da baki yana hurawa don ya bushe da wuri. To wanda ya hura iska waje, ai dole ya ja wata ciki. Sambo ya yi shekaru yana hurawa yana ja. Wata rana ya lura in ya ja ɗin ciwon bayansa na sauka, hayaniyar tasha ta yi nisa, ransa ya yi fari. Daga nan ya fara hura wanda ya riga ya bushe. Daga nan ya fara buɗe gwangwani ba taya a gabansa. Daga nan tsumma ya shiga aljihu.

Ni ba a idonsa na gane ba, ko da yake sun yi ja. A tsire na gane. Ya zo wata la'asar ya ɗauki tsinke, ya ci yanka ɗaya, ya ajiye, ya juya zai tafi.

Na ce, "Kai mai ƙarni, yau ba zagi?"

Ya ce, "Ba komai, naman lahiya lau."

Naman lafiya lau! Tun da nake da Sambo bai taɓa ci mini mutunci irin na ranar ba. Na bi shi har rumfa na ce ya faɗa mini abin da na yi masa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wallahi Bawa kamar kwali nake tauna. Ba naka kaɗai ba. Har tuwon Jidda."

Ba abinci kaɗai ba ne. 'Yarsa Rumaisa ta fara tafiya a lokacin, irin tafiyar nan ta tangal-tangal da ke sa uba ya yi ta washe baki. Jidda ta ce yarinyar za ta taho ta rungume ƙafarsa, shi kuwa ya dube ta kamar an ajiye masa buhu. Ya daina zuwa kallon kokawa. Ya daina dariya. Sai faɗa da masu babur, sai ƙarya a kan abin da bai kai a yi masa ƙarya ba. Sa'an nan facinsa ya fara ɗayewa. Ranar da tayar Usman ɗan kabu-kabu ta sace a hanyar Maruda, ya zube da buhun shinkafar mutane a cikin kwata, ranar ce Alhaji Abubakar, shugaban tasharmu, ya fara maganar tashinsa.

Akwai wani ma'aikacin asibiti, Malam Matiyu, mutumin Zuru, da ke sayen tsire wurina. Shi ya kawo babur ɗinsa faci ya ga tsumman da idonsa. Bai yi wa'azi ba. Ya ja benci ya zauna tsakanina da Sambo, ya ce zai gaya masa abin da ke faruwa a cikin kansa.

Ya ce a ƙwaƙwalwar kowa akwai wani wuri da ke ba da tukuici. Ka ci abinci mai daɗi, ta ɗan ba ka. Ka ga ɗanka, ta ɗan ba ka. Ka gama aiki ya yi kyau, ta ɗan ba ka. Wannan tukuicin ne ke sa ka so ka sake. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ni dai na ji kamar sunan maganin sauro. Ya ce sholisho da ire-irensa ba sa jira a ba su, fasa rumbun suke yi su kwaso gaba ɗaya. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da ta ga ana mata wawaso sai ta ƙanƙame hannu. Daga nan tsire ba ya isa ya motsa ta, tafiyar yarinya ba ta isa ba.

Na ce, "Wato kan Sambo ya zama marowaci. Ai dama jinin masunta ne."

Malam Matiyu ya yi murmushi ya ci gaba. Ya ce abu na biyu ya fi muni: ƙwaƙwalwa na haddace hanyar da ke kai ta ga abin. Ƙarar iska, kumfa a baho, kankare tub, buɗe murfi. Tun daga ƙarar iskar take fara kiran abin, kafin mutum ya yi shawara da kansa.

Sai ya tambayi Sambo, "Yanzu in ka shaƙa, daɗi kake ji?"

Sambo ya ce, "Na daɗe ban ji ba. Ciwon kai dai. Amma in ban yi ba kamar an riƙe mani wuya."

"To ka ji. So daban, daɗi daban. Daɗin ya tafi ya bar ka da son. Zai iya dawowa, amma a hankali, kuma sai ka bari. Shawarata ka yi nisa da gwangwanin nan."

Jidda ta aika wa wansa Rilwanu, babban gidansu. Rilwanu ya zo, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, ya sa kwaɗo a rumfa, ya ɗora ƙanensa a mota kamar kayan wanki suka tafi ƙauye.

Tasha ta yi mini faɗi. Na gwada tsokanar mai rake, ya kai ƙarata.

Abin da ya faru can, daga bakin Sambo na ji. Ya ce farko jikinsa ya yi ta rawa, kansa kamar ana daka, kowa ya yi masa magana sai ya ji kamar ya mare shi. Wannan ya wuce. Rilwanu ya ga ya fara cin abinci sai ya ce an warke, ya tafi da shi fadama. Suna bakin ruwa, wani kifi ya yi numfashi a ƙasa, kumfa ya taso sama, ƙanana, a jere, daidai irin na tub mai huji. Sambo ya ce nan take bakinsa ya cika da yawu, hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Babu gwangwani, babu taya, babu tasha, amma abin ya taso masa kamar yana rumfa. Bai ankara ba sai ga shi durƙushe gaban injin ban-ruwan wani manomi, ya kwance murfin tankin fetur ya kafa hanci.

Ya ce da ya ɗago ya dubi ruwan, sai haushi ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. An raba shi da sana'arsa, da matarsa, da 'yarsa, an kawo shi inda ko ƙaramin yaro ya fi shi amfani, duk don a ɓoye shi daga gwangwani, ashe abin a kansa ya yi guzurinsa. Washegari ko sallama bai yi ba ya hau motar Birnin Kebbi, daga can ya iso Gwandu.

Na gan shi da hantsi yana dukan kwaɗon rumfarsa da ƙarfen taya.

Na ce, "A'a, kifi ya koro ka?"

Ya ce, "Matsa, mai mushe. Aiki zan yi."

Alhaji Abubakar ya taso da kansa. Ya ce ya riga ya yi wa wani mai faci daga Jega alkawarin wurin. Sambo ya cire hula, ya rusuna yadda ya kamata, amma maganar da ta fito ba ta rusuna ba.

"Alhaji, ni na ɓata sunana a wurin nan, a wurin nan zan gyara shi. In ka ga tsumma a hancina, ko facina ya ɗaye, kar ka yi mani magana, ka sa a watsar da kayana a titi. Amma gwangwani bai isa ya kore ni daga Gwandu ba. Shi aka sayo, ba ni ba."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sau ɗaya. In ka kuskure sau ɗaya, ka tashi."

Malam Matiyu bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa masa a fuska. Ya ce mafi yawan masu yin haka komawa suke yi, shi da za a bi ta tasa da Sambo ya canja sana'a. Amma da ya ga mutumin ya kafe, sai ya ce to, tun da ƙwaƙwalwa hanya ta haddace, a rushe mata hanyar. Kar a bar komai yadda ta saba. Kuma kowane mako ya je asibiti ya same shi, ko lafiya ko ba lafiya.

Sauran dabarar Sambo ne ya ƙirƙiro kayarsa. Ya fitar da gwangwanin daga lungun rumfa, ya huda gefen bakinsa, ya ɗaure da sarƙa a jikin dogon yaro, tsakiyar 'yan kabu-kabu, inda iska ke kaɗawa kuma ido ya fi yawa. Ya daina shafawa da yatsa, ya fiƙe dogon kara. Hurawa da baki kuwa ya yi rantsuwa ya bar ta har abada. Ya zo teburina ya ɗauke maficin da nake fifita wuta da shi, ko aro bai ce ba.

Ya ce, "Saura jira. Nan yake kama ni. In na shafa ina jiran ya bushe, kai za ka riƙa zagina, in rama. Kar ka bar ni shiru."

Na ce, "Yau ga aikin da aka haife ni dominsa."

Haka muka shiga. Da an ga ya miƙe da tub ya nufi bishiya sai in ɗaga murya, "Jama'a a ba da hanya, ga sarkin hanci zai kai gaisuwa!" Shi kuwa yana fifita yana kawar da kai yana cewa kakana da kare ya yi gardama kan ƙashi. Wasu suka ce wannan tonon asiri ne. Sambo ya ce asirin ne ya kusa kashe shi, gara tonon. Akwai ranakun da zagin nasa ba ya da gishiri, gumi kawai yake yi. Akwai ranar da ya jefar da tub ya tafi bayan masallaci ya zauna ya rufe fuska, ya dawo ya ɗauka. Tsire kuwa kullum sai na miƙa masa, kullum ya ci yanka ɗaya ya girgiza kai. Kwali dai.

Ana nan sai ranar wata kasuwa, gab da faɗuwar damina, irin zafin nan da ganye ko motsi ba ya yi. Sai ga Rilwanu da motar ɗaukar kaya. Ya ce dattawan gida sun yanke magana: a kwaso injin iska da mai injin, a sayar da injin, a ba shi gona. Ya ce ba za su zauna ana kiran ɗan gidansu sarkin hanci a tasha ba. Da ya faɗi haka ni ya harara.

Kafin Sambo ya amsa, wani manomi daga Maruda ya gangaro da tayar amalanken shanu, babba, ta bi ta kan ƙaya. Da aka tsoma tub ɗin a baho, ruwan kamar tafasa ya yi, kumfa ta ko'ina. Aiki ne da zai sa gwangwani ya daɗe a buɗe, ga iska ta ɗauke. Alhaji Abubakar ya jawo kujerarsa. 'Yan kabu-kabu suka kashe babura.

Rilwanu ya ce, "Bar shi, ba ka iyawa. Tashi mu tai gida."

Sambo ya ce, "Yaya, zamna ka huta. Ka sha hanya."

Ya saɓi tub ya nufi bishiya. Ya kankare, ya shafa da kara, ya fifita. Na zage shi, ya rama. Ya liƙa na farko, ya koma na biyu. Warin sholisho ya tsaya cak a ƙarƙashin bishiyar, har ni da ke nesa ina jin sa a maƙogwaro. Tun ina zagin da na tanada har na koma kan na bara. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Can wajen ƙarshe wani ya tsaya sayen nama, na juya ina naɗe masa, bakina ya yi shiru.

Da na waiwayo sai na ga maficin ya tsaya. Tub ɗin na tasowa sama a hankali, kan Sambo na sauka, leɓunansa sun tsuke irin na mai shirin hurawa. Idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Rilwanu ya miƙe tsaye.

Sai Sambo ya yi wata irin girgiza kamar wanda kunama ta harba, ya miƙar da hannu ya nesanta tub ɗin, ya juyo da jajayen idanu ya daka mini tsawa.

"Bawa! Mutuwa ka yi? Zage ni mana, ɗan mai mushe!"

Na ce, "To ai na ga kana shirin sumbatar taya ne, na ce kar in shiga tsakanin dangi!"

Tasha ta fashe da dariya. Sambo ya ce gara taya, ita ba ta taɓa sayar wa mutane jaki da sunan rago ba. Maficin ya ci gaba da kaɗawa, da ƙarfi, kamar da shi yake faɗa. Ya liƙa na ƙarshe, ya danne murfin gwangwani da dunduniyar hannu, ya dube shi ya ce, "Zamna nan. In na bukace ka na zo."

Ya hura tub, ya danna shi cikin baho, ya juya shi kowane gefe. Ruwa ya kwanta lumui, ko ƙwayar kumfa. Alhaji Abubakar ya leƙa, ya ɗauki kujerarsa ya koma inuwarsa, bai ce uffan ba. A wurin Alhaji wannan doguwar magana ce.

Rilwanu ya matso ya kama hannun ƙanensa ya ɗaga. Ya ce, "Dubi. Rawa yake."

Sambo ya ce, "Rawa yake. Gobe ma wataƙila ya yi. Amma nan zai yi ta, Yaya, inda kowa ke gani. Can da kuka kai ni, a bayan injin mutane na durƙusa, ba wanda ya sani. Ka gaya ma su Baba na gaishe su. Inji ba ya zuwa ko'ina."

Rilwanu ya juya ya ce wa mai mota ya nemi lodin albasa, kar ya koma fanko.

Na ga bai kamata baƙo ya tafi da yunwa ba, ko da masunci ne, sai na kawo musu tsire a takarda. Rilwanu ya ci. Sambo ya wanke hannu ya ɗauki tsinke ɗaya don kar ya bar wansa shi kaɗai. Ya ci yanka ɗaya. Na juya zan tafi, don na san saura. Sai na ji shiru ya yi yawa. Na waiwaya. Yana tauna a hankali, ya ɗan karkata kai kamar yadda yake kara tub a kunne.

Ya ce, "Bawa."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Wagga akuya, da ita aka yi gudun hijira?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Ban ce ya warke ba, shi ma bai ce ba. Malam Matiyu ya ce hanyar nan tana nan a kansa, ciyawa ce kawai ke rufe ta, don haka har yau yana zuwa asibiti, har yau gwangwani na jikin bishiya, har yau ina zaginsa a kan aiki. Jidda ta ce yanzu in Rumaisa ta rugo, tun daga zaure yake durƙusawa ya tare ta. Maficina kuwa bai dawo ba. Na tambaya sau ɗaya, ya ce in kai ƙara wurin Alhaji.